Katin da na jira shekara biyu kafin in karɓa

Da sikila aka haife ni. Mu bakwai Hajiya ta haifa a gidanmu da ke Kano, uku muka zo da ita, kuma a cikin ukun ni kaɗai na rage. Ƙanena ya rasu yana da shekara huɗu, ƙanwata ta kai sha ɗaya. Na taso ina jin tsofaffi suna ce wa ciwon amosanin jini, na kuma taso da sanin cewa idan hunturu ya kama, sauran yara suna murnar jin ɗumi a gindin murhu, ni kuwa tawul da ruwan zafi da man zafi ake shirya min. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 masu wannan cuta duk shekara, babu ƙasar da ta kamo mu a duniya, don haka na san da yawa daga cikinku ba sai na yi muku bayanin ciwon ba. Wanda bai sani ba, ya ƙaddara ana kwankwatsa masa ƙashi da guduma daga ciki, kuma mai gudumar ba ya gajiya.

A ƙarshen 2016 na tare a gidan mijina a Filadelfiya, cikin jihar Fensilbaniya ta Amurka. Shi direban tirela ne, ya daɗe a can, har ya zama ɗan ƙasa. Ni kuma na shigo da katin zama na dindindin, wanda muke kira girin kad. Ta fuskar asibiti na samu ci gaba ƙwarai. An ɗora ni a kan maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya, tashin ciwon ya ragu, na haifi ɗiyata lafiya bayan an sa min ido wata tara cur. Sai dai sanyin garin ba irin namu ba ne, kuma a shekara ta biyu hoto ya nuna kan ƙashin ƙuguna na hagu ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa wurin. Daga nan ciwo ya daina zuwa yana tafiya, ya zauna. Kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi, da ƙwayar oksikodon nake lallaɓa shi.

Wani dare a watan Janairun 2019 ciwon ya taso gadan-gadan, maigida ya kai ni ɓangaren gaggawa na wani asibiti da ba namu ba, don shi ne mafi kusa. Na gaya wa ma'aikaciyar sunan allurar da ke yi min aiki da awon da aka saba yi min, kamar yadda duk mai sikila ya haddace nasa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Ashe har awon kin sani." Na gane abin da take nufi. A shekarun nan garin yana cikin masifar ƙwayoyi, a 2017 kaɗai sama da mutum 1,200 suka mutu a Filadelfiya saboda shan abin da ya wuce kima, likitoci kuma sun tsorata da rubuta irin waɗannan magunguna. Ni da na zo ina murƙususu sai aka ɗauke ni 'yar ƙwaya. Awa biyar na yi a kan kujera kafin a sa min ruwa. Ciwon ya wuce bayan kwana shida, kallon nan kuwa har yau ina ganinsa.

Da na koma wurin likitar jinina na ba ta labari, sai ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko na taɓa tunanin gwada tabar wiwi ta magani. Wallahi sai da na ji kamar ta watsa min ruwan sanyi. A wurina wiwi ita ce abin da 'yan daba ke sha a kango, ita ce warin da ke sa mu sauya hanya idan an aike mu da magariba. Akwai yaron maƙwabtanmu, mai ƙoƙari a makaranta, wanda ita ta fara taɓa masa ƙwaƙwalwa har aka riƙa kai shi asibitin Dawanau. Na ce mata ni Musulma ce, ba na shaye-shaye. Ta ce ta sani, ba ta kuma ce in sha hayaƙi ba. Ta bayyana min cewa a Afrilun 2016 gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar da ta halasta amfani da ita don magani a jihar, an buɗe shagunan farko a Fabrairun 2018, kuma sikila tana cikin jerin cututtukan da dokar ta ambata da suna, tare da irin su kansa da farfaɗiya da ciwo mai tsanani da ya ƙi jin magani. Ta ce ba ta yi min alkawarin komai, amma tana tsoron yawan oksikodon ɗin da nake sha, domin shi idan ya yi yawa numfashi yake tsayarwa.

Na kwana biyu ban gaya wa maigida ba. Da na gaya masa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ke dai ki samu sauƙi." Sai kuma ya tuna da aikinsa, domin direbobin manyan motoci gwamnatin tarayya ce ke kula da su, ana yi musu gwajin fitsari ba sanarwa, kuma a wurinta katin jiha ba hujja ba ne. Muka bar maganar a haka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne abin da ya faru bayan nan. A lokacin muna shirin cike min takardun zama 'yar ƙasa, muka je wurin lauyar da ke taimaka mana. Ana cikin hira maigida ya ambaci shawarar likita, ba don komai ba, a matsayin labari. Sai matar nan ta ajiye bironta. Ta ce, "Kin yi rajista?" Na ce a'a. "Kin saya? Kin ɗanɗana?" Na ce ko kusa. Ta sauke numfashi, ta ce to kada in kuskura sai bayan na yi rantsuwa. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Jiha ta halasta, amma dokar tarayya ta 1970 ta sa wiwi a rukuni ɗaya da hiroyin, kuma harkar baƙi da takardun zama gaba ɗaya a hannun tarayya take. A Afrilun wannan shekarar ta 2019 ma hukumar da ke ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta fitar da sanarwa ƙarara cewa wanda ya yi mu'amala da wiwi, ko da jiharsa ta yarda, ko da don magani ne, ana iya cewa bai cika sharaɗin kyakkyawan hali ba. A takardar neman akwai tambayar ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka ba, kuma a kan rantsuwa kake amsawa. Idan ka ce e, ka jawo wa kanka. Idan ka yi ƙarya, ka jawo mafi muni. Mai girin kad da ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da ita, idan ya yi doguwar tafiya zai iya shan wahala a filin jirgi ranar dawowa.

Likitata mutuniyar kirki ce, alheri take nufina da shi, amma ita ciwona ta sani, ba ta san takarduna ba, kuma babu inda za a tambaye ka launin katinka yayin rajista. Da maigida bai yi wannan suɓutar baki ba, da na je na yi rajista da sunana da adireshina, ina ganin ai doka ta ba ni dama. Na san 'yan'uwanmu da yawa a nan, daga Najeriya da Nijar da Gana, wasu da girin kad, wasu ɗalibai, wasu suna jiran mafaka, da suke ganin shagunan nan a bakin titi su ɗauka komai ya halasta. Ina roƙonku don Allah, kafin ku je wurin likitan da zai ba da shaida, ku fara zuwa wurin lauyan da ya san dokar baƙi.

Haka na jira. Muka tura takardu a farkon 2020, muka biya dala 725, sai korona ta zo aka rufe ofisoshi. Na haddace tambayoyi ɗarin nan na jarrabawar zama ɗan ƙasa a kan gado, ƙuguna a kan jakar ruwan zafi. Sai a 2021 na yi rantsuwa.

Jiran ya yi min amfani ta wata fuskar, domin ya ba ni lokacin warware abin da ya fi damuna, wato addini. Maigida ya raka ni wurin wani malami da muke ganin girmansa, wanda ya yi karatun fiƙihu mai zurfi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin kunyar abin da zan tambaya." Ya ce babu kunya a neman sani. Da ya gama saurare sai ya fara da hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ya ce wannan shi ne asali, kada in manta da shi. Sannan ya kawo ƙa'idar malamai cewa lalura tana halasta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake auna ta. Ya yi min tambayoyi: shin likita masani ne ya ba da shawarar, ko ni na ƙirƙiro? Akwai wani magani mai tsarki da zai yi aikin da ban gwada ba? Awon da zan sha zai gusar min da hankali? Sai ya ƙara da wata magana da ban taɓa tunaninta ba, ya ce ƙwayar da nake sha shekara da shekaru ita ma tana bugarwa idan aka zarce, kuma lalurar ce dai ta halasta min ita. Ya gaya min gaskiya cewa akwai malaman da ba za su yarda da shi ba. Wannan amsa tawa ce, a kan halin da nake ciki aka ba ni ita, ban kawo ta don wani ya ɗauka ya yi gaba da ita ba.

Rajistar kanta ba ta da wuya. Da farko ka shiga shafin ma'aikatar lafiya ta jiha a intanet ka buɗe suna, da lasin tuƙi ko katin shaida na jihar, kuma dole abin da ka rubuta ya yi daidai da abin da ke jikin katin harafi da harafi. Ni sau uku ana mayar min saboda na rubuta sunan titinmu cikakke alhali a katin an taƙaita shi. Daga nan sai ganin likita, kuma ba kowane likita ba, sai wanda ya yi kwas na awa huɗu ya shiga rajistar jiha. Tawa ba ta ciki, don haka ta haɗa ni da wani, ta tura masa bayanan asibitina. Ta bidiyo muka gana, abin da aka fara lokacin korona aka kuma tabbatar da shi a dokar 2021. Ya tambaye ni ko ina da ciki ko ina shayarwa, ko akwai taɓin hankali a danginmu, ko zuciyata na da matsala, da duk magungunan da nake sha. A nan na fahimci cewa ba ya rubuta maka magani irin na kullum, shaida kawai yake bayarwa cewa kana da ɗaya daga cikin cututtukan da doka ta lissafa. Kuɗin ganinsa daga aljihuna ya fita, inshora ba ta biyan ko sisi a wannan harka. Na biya jiha dala 50, kati ya zo ta gidan waya da hotona a jiki. Duk shekara sai an sabunta shaidar likita an sake biya.

Ranar da na fara zuwa shagon, maigida ya ajiye mota can nesa saboda na roƙe shi, ina tsoron kada wani ɗan garinmu ya hango ni da hijabi ina shiga. Shi bai shiga ba, ba a barin wanda ba shi da kati. Akwai mai gadi a ƙofa, sai taga ta gilashi inda na miƙa katina aka duba a kwamfuta, sannan aka buɗe ƙofa ta biyu. Na zaci zan tarar da samari masu jajayen idanu. Wadda ke kusa da ni tsohuwa ce fara tas da sandar dogarawa, hannunta na karkarwa, gefe kuma wani dattijo da hular tsofaffin sojoji. Mai haɗa magunguna ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, muka yi kusan rabin awa. Ta bayyana min sinadarai biyu da ake rubutawa a jikin kowace kwalba: THC, wanda shi ne mai bugarwa, da CBD, wanda ba ya bugarwa. Dokar jihar ta hana kunna wuta a sha hayaƙi kwata-kwata. An yarda da ƙwaya, da mai, da na shafawa, da na ɗigawa ƙarƙashin harshe, da ganyen da ake ɗumamawa a na'ura a shaƙi tururinsa. Likitata ta riga ta hana ni duk abin da zai shiga huhu, don mai sikila da huhunsa sai lallaɓawa. Na ɗauki ƙaramar kwalbar ɗigawa mai yawan CBD da ɗan THC kaɗan. Da tsabar kuɗi na biya, ba sa karɓar katin bashi, saboda bankuna suna tsoron dokar tarayya.

Ta ce in fara da mafi ƙanƙantar awo, in jira, kada in ƙara a dare ɗaya. A mako na biyu na saɓa. Ciwo ya matsa min, na ɗiga, minti arba'in ban ji komai ba, na ƙara. Can cikin dare zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta fito, ɗaki yana juyawa, tsoro ya rufe ni ba gaira ba dalili. Ban farka ba sai da rana ta fito, asuba ta wuce ni. Na zauna a kan sallaya ina kuka, ina tuna ayar da ta hana kusantar salla cikin maye, ina tuna tambayar Malam ta uku. Tun daga ranar ban sake wuce layin da aka nuna min a jikin bututun ba, kuma ba na sha sai bayan na idar da isha.

Sauran ƙa'idojin a hankali na koye su, kowace da ranar da ta tare ni. Dole maganin ya zauna a kwalbarsa ta asali mai sunana, kuma duk inda yake katina na tare da shi. A gida cikin akwati mai makulli yake, a saman kabad, saboda ɗiyata da kuma aikin babanta. Wata rana wata baiwar Allah da muke zumunci, mai fama da ciwon gwiwa, ta ce, "Maman yarinya, ɗan ɗiga min in gwada mana." Da nauyi na hana ta, don a al'adarmu ba a rowar magani, amma ba wa wani laifi ne a doka, ita kuma ko takardunta ba su kammala ba. Ba a shuka shi a gida. Ba a tsallaka iyakar jiha da shi: idan za mu suna ko biki a Niyu Jazi, gada ɗaya ce tsakaninmu, kuma can tun Afrilun 2022 ake sayar wa duk wanda ya kai shekara 21, amma a gida nake barin kwalbata. Mai kati kuma dokar tarayya ta hana shi sayen bindiga, abin da ni bai dame ni ba, amma na ji maza suna ƙorafi a kansa.

Wadda ta fi taɓa rayuwata ita ce ta tuƙi. A dokar jihar, in aka samu ɓurɓushin THC a jininka kana tuƙi, ana iya tuhumarka da tuƙi cikin maye, ko da jiya ka sha, ko da garau kake, kuma kati ba ya kare ka. Wannan a ganina ba adalci ba ne ga marasa lafiya, domin sinadarin yana daɗewa a jiki bayan aikinsa ya ƙare. Amma ra'ayina ba zai hana ɗan sanda aikinsa ba. Na koma hawa bas da jirgin ƙasa, ni da na sha wahala kafin in samu lasin.

Za a so a ji ko ya yi aiki. Sikila tana nan. Har yanzu ciwon yana tasowa, har yanzu ana kwantar da ni, kuma idan ya taso kwalbar nan ba ta da abin da za ta yi, sai asibiti da ruwa da allura. Likitata ma ta gaya min wani ɗan gwaji da aka buga a 2020, wanda aka yi a kan masu sikila 23 a San Faransisko, bai nuna wani bambanci mai ƙarfi a rage zafi ba. Abin da ni na samu shi ne barci. Ciwon ƙugun nan na dare ya lafa har ina yin awa biyar ko shida a jere, abin da na manta rabona da shi, kuma da sa idon likita na rage oksikodon kusan rabi. Haidiroksiyuriya ko kwana ɗaya ban daina ba. Ina tsoron kada wani yaro a gida ya karanta wannan ya ce ai wiwi magani ce. Abin da ake naɗewa a kango ba a auna shi ba, ba a san me aka cakuɗa a ciki ba, babu likita a kai, kuma a Najeriya laifi ne da NDLEA ke kama mutum a kansa.

A 2023 na je gida bikin ƙanena. Kowa a nan Amurka ya san abin da ya sami Brittney Griner, 'yar ƙwallon kwandon da aka kama a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022 da man wiwi da bai kai giram ɗaya ba, tana da takardar likita daga ƙasarta, aka yanke mata shekara tara, sai musayar fursunoni ce ta fito da ita. Na zazzage jakunkunana sau biyu, har aljihun jakar hannu, don kada a ce ko murfin kwalba ya maƙale. Likita ta sa na rage a hankali kafin tafiya, ta ba ni takardar sauran magungunana. Na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da zuciya ɗaya.

Sai dai barcin ya gudu. A dare na huɗu ina ta juyi a kan katifa a ɗakin Hajiya, gida ya yi tsit bayan hayaniyar kamu. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Cikin duhu na ji ta ce, "Ke, ciwon ne?" Na ce ƙugun ne. Ta ce a waya na gaya mata ina samun barci yanzu, me ya faru? Shekara biyu ina ɓoye mata. Na gaya mata komai, ban sauya wa abin suna ba.

Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Na san yaron maƙwabta take tunawa, na kuma san tana tuna biyun da ta binne. Can ta ce, "Likita ne ya ba ki, ko ke kika nema?" Na ce likita ne. "Mijinki ya sani?" Na ce shi ya raka ni wurin Malam. "Sallarki fa?" Na gaya mata ta asubar da ta wuce ni sau ɗaya, da yadda na yi tun daga nan. Ta ce, "To. Kada Baffanki ya ji."

Na ji ta tashi, ta laluba fitila ta fita tsakar gida. Bayan ɗan lokaci ta dawo da ruwan zafi a roba da tsohon tawul, ta ce in juya ta ɓangaren dama. Ta matse tawul ɗin ta ɗora min a ƙugu, tana dannawa da tafin hannunta, idan ya huce ta sake tsomawa. Tana cikin yi aka kira assalatu a masallacin unguwa, ta ce in yi kwanciyata tukuna, za ta ɗumama min na alwala.